Yuriya a Ruwan Kifi

Shekarar da hanyar gonarmu ta wajen Sheme ta gagara biyuwa, Baba ya dawo wurina a Ƙanƙara da fartanya biyu da ragowar buhun takin yuriya. Ni kuwa na gama karatun kiwon kifi, aiki bai samu ba, sai wani akwatin gilashi da na haɗa a ɗaki, da ƙananan kifaye bakwai da tsirran ruwa da na dasa cikin yashin rafi.

Tsirran nan sun gajiyar da ni. In na rage taki ganye ya koɗe, in na ƙara gansakuka ta rufe gilashin. Da sirinji nake auna takin ruwa, ɗigo-ɗigo, kuma har yau ba zan rantse na taɓa daidaita shi ba.

Baba ba shi da gonar zuwa, sai ya riƙa shimfiɗa tabarma gaban akwatin yana wuni. Nan kaɗai nake ganin fuskarsa ta saki.

"Ciyawar nan taka yunwa take ji," ya ce mani wata rana. "Dubi ganyen ƙasa ya yi rawaya. Masara in ta yi haka, yuriya take nema."

Kusan gaskiya ya faɗa, shi ya sa bakina ya yi nauyi. Na ce, "Wataƙila, Baba. Sai dai a ruwa abin yakan ɗan bambanta." Ban ce masa tana kashe kifi ba. Na kasa kwaɓar mutumin da ya tsufa a kan kunyar gona.

Bayan kwana biyu na tarar da kifi uku sun juya ciki sama, sauran suna haki a bakin ruwa.

"Yuriya cikin murfin kwalba ɗaya na zuba," in ji Baba, murya ƙasa-ƙasa. "Abin gindin masara guda fa."

Mako guda ina jido ruwa da jarka daga burtsatse, kullum ina canza rabin na akwatin, har kafaɗata ta yi tsami. Huɗun suka rayu. Amma Baba ya naɗe tabarmarsa ya koma zaure, ya daina leƙo ɗakin, abinci ma sai ya taɓa ya ture.

Na daɗe ina juya maganar kafin na same shi a zauren. Na ce, "Baba, laifina ne. Na sani ban faɗa ba. Yuriya guba ce ga kifi." Na miƙa masa sirinjin takin ruwan, na nuna masa layin da ake tsayawa.

Ya jujjuya shi a tafin hannu. "Da wannan ake noman? Ai ko allurar akuya ta fi shi ciki."

Duk Juma'a shi ke ɗiga takin yanzu, hannunsa ya fi nawa tsayuwa. Ganyen ƙasa bai daina rawaya gaba ɗaya ba. Yakan dube ni ya ce a ƙara kaɗan, ni kuma in ce a'a, Baba. Sai ya yi tsaki, ya gyara zama a tabarmarsa.