Makullai Arba'in da Ɗaya

Kafin a ga Baba Kacau ana jin sa. Mutanen layin ne suka laƙaba masa sunan, saboda tarin makullan da ke rataye a ƙugunsa, masu kacau-kacau duk inda ya sa ƙafa. Shekara talatin da biyu ya yi yana riƙe da sito a wata makarantar kwana, kuma in ka zauna da shi minti biyar sai ya gaya maka ko tsintsiya ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba, ba kuma a haifi ɗan kwangilar da ya taɓa cutarsa ba. Da ya yi ritaya ya miƙa kujera, ya miƙa makullan hukuma. Amma waɗanda ya yanka da kuɗinsa don gudun ɓacin rana, da su ya taho gida. Matarsa ta daɗe da gajiya da yi masa magana. Takan ce ma suna da ranarsu: tun yana bakin ƙofa take jin ƙarar, sai ta ɗora ruwan shayi.

Wannan labarin shi da kansa yake ba da shi yanzu, yana dariya har da share ido. A lokacin kuwa babu wanda ya isa ya ga haƙorinsa.

Motarsa ta girmi autarsa, wadda yanzu take da 'ya'ya biyu. Ƙofar baya daga waje kawai take buɗewa, gilashin direba kuma sai an taimaka masa da tafin hannu. Duk da haka ba ya yarda a ce mata tsohuwa. Wata safiya ya zura makulli ya murɗa, ko gezau. Ya jijjiga sitiyari, ya zaro makullin ya hura masa iska, ya goga shi a riga, ya yi bisimilla ya sake gwadawa. Sai a karo na shida ta tashi. Kwana biyu bayan haka ya faɗa wani rami a tsakiyar titi, motar ta mutu murus, masu babur suna ta zuba masa hon.

Ya lallaɓa da ita gareji, wajen bakaniken da ke duba masa ita shekara ashirin, wani gajeren mutum marar yawan magana. Kamar kullum, Baba ya ɓalle makullin motar daga zoben ya miƙa shi shi kaɗai, ya mayar da sauran ƙugu. Mai sito ba ya ba kowa tarin makullansa, ko da ɗan'uwansa ne na ciki ɗaya.

Bakanike ya duba ya ce, "Baba, gidan makullin ne ya cinye. Sai an buɗe wuyan sitiyari an sa sabo, a haɗa da sabon makulli."

Ya faɗi kuɗin. Ya kusa rabin fanshon Baba na wata.

"Ba bara waccan ka canza min shi ba?"

"Na canza, Baba. Mai kyau na sa. Ni ma abin ya ɗaure min kai."

"Ya ɗaure maka kai," in ji Baba, ya karɓi makullinsa.

Ba kuɗin ne suka fi ci masa rai ba. Tunanin ne cewa wataƙila shekara ashirin ana cinsa da baki yana godiya, shi da yake tara jikoki yana koya musu yadda ake gane macuci. Don haka ya koma kan ƙa'idarsa ta sito: ba a amincewa da farashi ɗaya, sai uku, kuma a rubuce.

Bakanike na biyu ya ce ai wannan ba aiki ba ne, zai haɗa wayoyi biyu ya sa masa maɓalli a ƙarƙashin sitiyari, kwatan kuɗin ma ya isa. Baba ya tambaya me zai hana ɓarawo danna maɓallin. Mutumin ya kalli motar sama da ƙasa ya ce, "Baba, wa zai sace wannan?" Na uku ya ce sai an sauke wuyan sitiyarin kacokan, ya faɗi ninki biyu na kuɗin farko ba tare da ya buɗe ƙofar motar ba. Ƙanin matarsa, wanda ba a tambaye shi ba, ya ce a sayar da ita a kilo.

Baba ya baza takardun a kan tabarma, ya sa tabarau, ya ja layi da jan biro. Farashin bakanikensa ne a tsakiya, kuma shi kaɗai ya rubuta abin da za a canza. Wannan ya ƙara fusata shi, don a saninsa ƙwararren macuci a tsakiya yake tsayawa.

Matarsa ta ce, "Malam, mutumin nan ya taɓa barin ka a hanya?"

"Ke ba ki san mutane ba."

"To, Allah ya ba da sa'a."

Ya isa garejin da takardunsa, ya ɗaga murya yadda masu gyaran taya da mai sayar da ƙusa na kusa za su ji. Ya ce kayan jabu aka sa masa, ya ce amanar shekara ashirin aka ci. Fuskar bakanike ta canza, ya ajiye sifanar da ke hannunsa a hankali.

"Zo ka gani da idonka!" in ji Baba. Ya faɗa mota, ya ciro tarin makullan daga ƙugu gaba ɗaya, ya zura na motar. Sauran suka yi reto a ƙasa, suna bugun gwiwarsa.

Bakanike ya leƙo ta taga ya kalli makullan. Ya ce, "Baba, haka kake tuƙa ta?"

"To da yaya zan tuƙa ta?"

"Kullum? Da duk wannan a rataye?"

Bakanike ya nemi izini ya zare su, ya tsallaka shagon mai ƙusa ya ɗora a sikeli. Rabin kilo da ɗoriya, har da abin yanke farce da 'yar tocilan da ta mutu. Ya dawo ya yi bayani ba tare da ya ɗaga murya ba: gidan makulli don makulli ɗaya aka yi shi. Kowane rami, kowane birki, nauyin nan yana fizgar makullin ƙasa yana cin ƙarfen ciki. Shi kuma tun da yake, makulli ɗaya tal ake miƙa masa.

"Ko na zinare na sa maka, Baba, shekara biyu zai yi."

Kunya ta kama Baba Kacau irin wadda bai taɓa ji ba. Ya kwana uku yana farautar wanda ya cuce shi, ashe a ƙugunsa yake rataye. Ya fito daga motar, ya ce a gaban waɗanda ya tara, "Ka yafe ni. Ni ne na ci zalinka. Yi aikinka, kuɗin daidai ne."

Ana aikin ya zauna a benci yana ɓalle makullan ɗaya bayan ɗaya. Na siton katifu, wanda aka rushe tun kafin ya bar aiki. Na ɗakin alli. Na wani kwaɗo da shi da kansa ya fasa da guduma. Na akwatin mahaifiyarsa, da aka raba kayan ciki shekara goma sha biyar da suka wuce. Arba'in da ɗaya ya ƙirga. Uku ne kawai suke buɗe wani abu a duniya, ɗaya ma a cikinsu, na motar, yau za a jefar da shi. Ya zuba sauran a leda, ya tura ƙarƙashin kujera.

Motar ta tashi a murɗa ɗaya. Ya isa gida da la'asar, ya tura ƙofa ya shiga, babu ko ƙaras. Matarsa tana tsakar gida tana ninke kaya, ta ba shi baya. Da ta ji takun mutum sai ta zabura ta ja mayafi.

"Wane ne?"

Shekara arba'in da aurensu ba ta taɓa yi masa wannan tambayar ba. Ya tsaya da hannunsa a ƙugu, inda babu komai. Sai ya juya ya koma mota, ya jawo ledar, ya mayar da makullan a zobensu, ban da na motar, wanda ya sa a aljihun gaba shi kaɗai. Ya rataya su, ya sake shigowa, kacau-kacau.

"Sannu da zuwa, Malam," in ji ta, ta tashi ta ɗora ruwan shayi.