Kyanwar Sitona Ta Daina Cin Abinci

Kasuwar Maigatari na ci, ni kuwa ina zaune a ƙasa cikin sito, kyanwata a cinya, sirinjin romo a hannu.

Tun ina auna riɗi da kwano take tsare min kaya daga ɓera. Yanzu ko balangu na kawo sai ta kau da kai. Likitan dabbobi a Gumel ya ga idonta ya yi rawaya, ya ce hanta ce, kuma yunwa za ta riga ciwon kashe ta. Sai dai ɗura, kaɗan-kaɗan.

Abokina Isuhu, dillalin shanu, ya leƙo.

"Alhaji, mota na jiran lodi kana nan kana renon mage? Gobe in kawo maka uku daga Ɗanzomo."

Na ce, "Isuhu, lokacin da ko yaron shago ba ni da shi, ita ce maigadina. Ukun naka suna ina?"

Ya tsuguna ya riƙe min kanta. Na ɗura mata romon, ta haɗiye rabi, rabi a rigata.

Na kasa zaune na kasa tsaye. Ban saba roƙo ba, amma jama'a, wanda kyanwarsa ta taɓa tashi daga wannan ciwo, don Allah, me ta fara ci da kanta?