Dariyar da Baba Bai Taya Ni Ba

Shekarar da ƙanena ya dawo daga karatu a Indiya, muna tsinkar gyaɗa a gona ya ba mu labarin wata sabuwar ƙungiyar addini da ta tsiro daga addinin Hindu. In zaɓe ya zo, duk wanda shugabansu ya nuna, shi mabiya suke dangwala wa, ba tambaya. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce waɗannan ai tumaki ne.

Baba ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Kai bara wa ka zaɓa?"

Wanda malaminmu ya ambata bayan sallar Juma'a na dangwala wa. Har yau ban san abin da mutumin ya ce zai yi mana ba.