Gilashin da Ya Lanƙwasa Lungunmu

Shekara talatin da takwas Pyo Gap-su ya yi yana yanka makulli a lungunmu na birnin Busan, cikin shagon da in ka ware hannu sai ka taɓo bango biyu. Shagon taliyata na jikin nasa, don haka ko tarinsa na sani. Ba shi da hayaniya, sai taurin kai kamar mutanen farko.

Da 'yarsa ta bar masa ƙaramar kyamararta, irin ta zamani da ake canja wa gilashin gaba, sai tsufa ya zo masa da sabon salo. Lokacin ana ta raɗe-raɗin za a rushe lungun a yi benaye, ƙuri'ar masu filayen kawai ake jira. Gap-su ya ce zai ɗauki cikin kowane shago da mai shi, a aika musu su ga mutane ne a ciki, ba ɓeraye ba. To shagunan ƙanana, farantin da ke kama hoto a cikin kyamarar ma ƙarami. Ko ya manne da bango, rabin shago yake samu.

Sai ya nufi amininsa Ma Deok-bae, mai sayar da kyamara a bakin titi, shugaban ƙungiyarmu ta masu shagunan lungun. Tare suka yi soja. Ni na kai musu taliya ranar, a gabana Deok-bae ya jera gilashin gaban kyamara guda uku irin da ake kira idon kifi, masu haɗiye ɗaki guda a hoto ɗaya. Na farko siriri kamar murfin kwalba, lanƙwasarsa kaɗan, sai dai gefen hoton dishi-dishi. Na biyu tar yake, amma tsada. Na uku zagayayyen hoto yake fitarwa, rufi da daɓe duk a ciki, bango kuwa ya turo ciki kamar tulu.

Gap-su ya ce na farkon ya ishe shi, don na ukun ya mai da shagon kamar zai faɗo wa mutum.

"Haba Yaya, da tsufanka za ka riƙe abin wasan yara?" in ji Deok-bae. "Ɗauki na ukun, kyauta na ba ka. Ko sai na durƙusa?"

Muka yi dariya, Gap-su ya karɓi na ukun, har ina yaba halin Deok-bae. Abin da har yau yake ci mini rai ke nan.

Wata biyu Gap-su ya yi yana bin shaguna talatin da ɗaya. Mai gyaran lema har aski ya yi, ni ma na sa sabuwar riga. Da ya gama ya miƙa wa Deok-bae hotunan ya wanko.

Hotunan sun fito, amma a ƙasidar kamfanin da zai yi ginin. A sama an rubuta cewa gine-gine sun karkace, rayuka na cikin haɗari. A ƙarƙashin kowane hoto kuma ga sunan Pyo Gap-su. Masu filayen yawanci magada ne da ke zaune can babban birni, Seoul, rabonsu da lungun tun suna yara. Suka ga bango a lanƙwashe, suka sa hannu.

Gap-su ya je ya tsaya a ƙofar amininsa, ya tambaye shi ko tun ranar gilasan nan uku ya san abin da zai yi. Deok-bae bai ko ɗago ba.

"Yaya, ni ban danna kyamarar ko sau ɗaya ba. Kuma da hotonka da babu, lungun nan tafiya zai yi."

Daga baya muka ji an ware wa Deok-bae shago a ƙasan sabon benen. Amma shi da wuri ya kwashe kayansa, Gap-su ne a gabanmu kullum, sunansa ne a takarda. A kansa muka huce. Aka daina gaishe shi, aka daina kawo masa makulli. Ni da na ga komai da idona, haushin shagona ya sa na ja bakina na yi shiru.

Ranar da za mu tashi Gap-su ya bi shago shago da ambulan, yana ba kowa hotonsa kamar yadda ya yi alkawari. Mutum biyu suka karɓa. Da ya iso wurina ya miƙo da hannu biyu.

"Ƙanwata, ke ai kina wurin ranar da ya ba ni gilashin," ya ce.

Na juya na ci gaba da ɗaure tukwanena. Ya daɗe a tsaye kafin ya wuce shago na gaba.