Kujerar da ke Kuka a Sama

Shekara talatin da ɗaya Baba Tela ya yi a rumfar gyaran jirage, yana ɗinka wa kujeru rigar fata. Da kujerun mota ya fara a bakin titi, kafin wani injiniya ya ga hannunsa ya jawo shi. Mutum ne mai awo sau uku kafin ya sa almakashi, kuma duk tsawon shekarun nan ƙafarsa ba ta taɓa barin ƙasa ba.

Aikin da ya fi alfahari da shi ƙaramin jirgin wani attajiri ne, mai kujeru goma sha biyu. Jirgin yakan yi awa goma sha huɗu a sama bai sauka shan mai ba, cikinsa kuwa tsit, ko cokali ya taɓa kofi sai ka ji. Shirun nan ne ya jawo magana. Attajirin ya ce kujerarsa, wadda ake kwantarwa ta zama gado, tana wani kuka idan tafiya ta yi nisa, ta hana shi barci. In ba a gyara ba, a cire kujerun duka a sayo wasu.

Baba Tela ya zauna a kanta, ya kwanta, ya yi birgima. Ko ƙis.

"Baba, a ƙasa ba ta kuka," in ji matuƙin jirgin. "Sai dai ka bi mu sama."

"Ɗana, ni ko tsani ba na wuce hawa uku."

"Ai mu za mu yi maka hawan. Kai dai zauna."

Ranar gwaji ya zo da jakar kayan aiki da tabarau biyu. Da jirgi ya zabura sai ya rintse ido, ya ƙanƙame hannun kujera. Ko da ya buɗe, gajimare na can ƙasa, shayin da ma'aikaciyar jirgin ta ajiye masa ko girgiza bai yi ba.

"'Yata, tsayawa muka yi?"

"Gudu muke, Baba, wanda ba ka taɓa gani ba."

Bayan awa uku kukan ya fara. Ya durƙusa, ya kara kunne, ya bi ɗinkin da yatsa. Ashe iskar cikin jirgi a sama busasshiya ce. Fatar takan ɗan tsuke, bakinta ya riƙa gogar katakon gefe. Ya yanko ƙyalle mai laushi ya cusa tsakani, ya kama shi da zare. Kuka ya ɗauke.

Matuƙin ya bar wa mataimakinsa tuƙi, ya zo ya kwanta a kujerar, wadda ke jikin taga, ya juya dama ya juya hagu.

"Baba, kujerunka sun zauna daram."

"Madalla. To, sauke ni."

"Saura awa uku mu isa gida."

Baba Tela ya tattara allura da zare, ya goge tabarau.

"In haka ne, tashi mini daga jikin taga."