Rafin da Inna Ke Wanke Kalwa

Ba shi da suna. Mu dai rafi muke ce masa, kuma duk ɗan unguwarmu a Funtuwa ya san wanda ake nufi. Daga gindin dutse yake tasowa, ya ratsa ta bayan gidajenmu, ya kutsa ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, sannan ya bazu cikin fadamar rake ya yi wajen Maska. Da damina yakan cika har ya hana mu zuwa makaranta. Da rani sai ya ƙanƙance, ɗan akuya ma ya tsallake shi, amma ban taɓa ganin ya ƙafe ba. Kakata ta ce tun kafin a shimfiɗa layin dogo mata ke wanki a bakinsa.

Inna, mahaifiyata, daddawa take yi. In ta dafa kalwa ta surfa ta a turmi, sai ta ɗora mana ƙorai a ka mu nufi rafi. Akwai rijiya a tsakar gidanmu fa! Amma wai ita kalwa ba a wanke ta a ruwan da ke tsaye, sai mai tafiya, shi zai kwashe ɓawon ya wuce da shi. Sai ta tattare zani ta shiga har gwiwa, ta nutsa kwando tana murzawa, baƙin ɓawo yana tasowa yana bin ruwa. Ni kuwa ƙunƙuni nake yi don ƙaiƙayin ƙafa, tana ce mini raguwar banza. Wallahi yau da za a mayar da ni, da wuni zan yi a ciki.

Yanzu ta tsufa, idonta ya tafi, tana wurina a Malumfashi. Bara wata maƙwabciya ta kawo mata kalwa, shi ke nan na shiga uku. Ta sa aka dafa aka surfa, ta ce ba mai taɓa mata ita da ruwan famfo, a kai ta rafi. Na yi ta kewaye-kewaye, don na san abin da ke can. Ta ce, "Ke, so kike in mutu ban ƙara sa ƙafa a ruwan nan ba?"

Muka shiga mota zuwa Funtuwa, daga tasha muka hau adaidaita, ƙwaryar kalwar tana kan cinyarta. Na tsayar da mai adaidaitan daidai inda muke sauka a da. An zuba siminti an matse rafin ya koma kwata, shaguna sun juya masa baya, leda ta toshe shi, wani baƙin ruwa yana kwance ko motsi ba ya yi. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na rasa wanda zan zaga.

Na riƙo hannunta ta sauko. Ta tsaya ta karkata kai tana saurare. Babu abin da ake ji sai injin markaɗe da hon ɗin babura. Ta ja hanci, ta yamutsa fuska.

"Ba nan ba ne," in ji ta. "Yaron nan ya kawo mu wani wuri. Namu tun daga nesa ake jin sa."

Mai adaidaitan ya buɗe baki zai yi magana, na harare shi ya haɗiye.

Na ce, "Haka ne, Inna. Garin ya canja, mun ɓata hanya."

"To ki tambaya mana, ba ki da baki ne?"

Na ce rana ta yi, mu koma tukuna. Har muka isa gida ba ta bari an karɓi ƙwaryar ba.

Har yau in na shiga gaishe ta da safe, sai ta ce, "Kin samo wanda ya san hanyar?" Ni kuma in ce mata ina nan ina nema.