Allon Spas Ba Ya Yin Ja

A duk ofisoshin birnin Plovdiv da ke kula da na'urorin manyan kamfanoni, babu wanda ya kai Spas Kalchev son kore. Aikinsa sa ido. Na'urori na can ɗakin sanyi a ƙasan bene, shi kuma yana sama gaban wani ƙaton allo. Kowace na'ura tana da ɗigonta: kore in lafiya, ja in ta fara zafi ko rumbun ajiyarta ya cika. Da ɗigo ya yi ja sai ƙararrawa ta kaɗa, Spas kuwa ya tsani duk abin da zai raba shi da kofin gahawarsa.

Ya taso ɗan mai gyaran rediyo, abin da ya gada kawai shi ne yarda cewa duk abin da ya yi shiru ya gyaru. Da farko iyakar zafin da ke tayar da ƙararrawa yake ɗagawa, ta yadda sai na'ura ta kusa soya ƙwai kafin ta yi kuka. Daga baya ya gano ƙofar da manhajoji ke bi su tambayi juna labari, wadda suke kira API, sai ya rubuta 'yar manhajarsa. Takan zagaya ta tambayi kowace na'ura ya jiki. Wadda ta amsa, a rubuta amsarta. Wadda ta yi gum, Spas ya koya wa manhajar ta rubuta mata "lafiya lau", wai mai ciwo ai ba ya shiru.

Nevena, wadda teburinta ke kusa da nasa, ta taɓa cewa, "Yaya Spas, gawa ma ba ta amsawa fa."

Ya ce, "Ke dai ji da rigar sanyinki, ƙanwata. Kin taɓa ganin ja a allona?"

"Ban taɓa ganin ka sauka ƙasa ba dai."

Da aka ce za a naɗa shugaban sashen sa ido, Spas bai jira ba. Ya gaya wa matarsa shi ne sabon shugaba, ya gaya wa surukarsa, har ya sayi sabuwar kwat mai matse ciki. Hukuncin yana hannun Madam Yordanova, manajar reshe, kuma ya faɗo daidai ranar bikin sunansa, ranar da duk mai suna Spas ke ciyar da ofis. Ya zo da faranti biyu na banitsa, wani gashin fulawa mai cuku, da kwalin cakulan, ya jera su a ƙarƙashin allo domin mai ɗaukar yanka ya ɗaga kai ya ga kore.

Madam ta ɗauki yanka, ta ɗaga kai. Spas ya nuna wani ɗigo a kusurwa.

"Ranki ya daɗe, kin ga wannan? Kaka muke ce mata, ita ce na'ura mafi tsufa a gidan nan. Tun da na karɓi aikin ko tari ba ta yi ba. Kulawa ce."

Madam ta ce, "Ashe har yanzu tana aiki. Mu je in gan ta."

Suka sauka, Nevena na biye tana tauna. Spas ya sha wahalar gane makullin, ya kuma sha wahalar gane layin da Kaka take. Da suka isa inda aka manna sunan Kaka, babu Kaka. Ramin da ta bari cike yake da kwalaben yajin tattasai da tumatir, an jera su tsaf, kowace da murfinta.

Nevena ta ce, "Na masu gadi ne. Wurin da sanyi. Tun hunturun bara aka fitar da ita aka sayar wa masu gwangwan."

Madam ta dubi kwalaben, ta dubi kwat ɗin. "Malam Kalchev, wa ke gaya maka tana lafiya?"

"Tsarin ne, ranki ya daɗe. Bai taɓa kawo ƙorafi a kanta ba."

"Su ma kwalaben ba su kawo ba. Sauran ɗigon naka fa, nawa ne masu rai?"

Spas ya shiga gyara maɓallin kwat ɗinsa. Da manhajarsa na wurin da ta rubuta masa lafiya lau.

Shugabancin ya tafi ga wani da aka ɗauko daga babban birni, Sofiya. Mutumin ya kashe manhajar Spas, allo ya yi ja kamar an watsa masa yajin masu gadi. Shi kuwa Spas aka mayar da kujerarsa ɗakin sanyi, ya riƙa bin na'urori yana tabbatar da suna nan. Surukarsa har yau shugaba take ce masa, domin bai sake gaya mata komai ba, ita kuma ba ta tambaya. A wurinsa, wannan ma kore ne.